Shekarar da Kulu Ta Dawo da Butocinta

Yanzu mun iso shekarar auren Asma'u, kuma ina so duk mai karanta wannan babi ya ajiye wayarsa ya gyara zama, don shari'a zan yi. Ni Umaru direba, wanda ya bar makaranta tun a firamare saboda malamai sun rasa abin da za su ƙara mini, ni ne alƙali, ni ne shaida, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Maganar da za a yanke wa hukunci kun san ta, tunda ku kuka raine ta har ta yi gemu: wai mahaifiyarku Kulu, Allah ya jiƙanta, ta fi son butocinta na tangaran a kan 'yarta ta fari, wai ta kai su ɗakin amarya ta jera, sai zuciyarta ta kasa, ta kwaso abinta ta dawo gida. Rabin maganar gaskiya ne. Ta kai su, ta kuma dawo da su, ni na tuƙa motar zuwa da dawowa. Ɗaya rabin ne ba ku da shi.

Jikokin da ba su taɓa buɗe kabad ɗin falo ba, bari in gaya muku abin da ke ciki. Abin da kuke kira jug ne, ita buta take cewa. Farare ne amma ba fari tas ba, launin kindirmon da ya kwana, masu tumbi da hannu da ɗan baki, ga rashin nauyi kamar ka ɗauki ƙwarya. A jikinsu akwai zane baƙi, siriri kamar na takardar kuɗi. Wata jirgin ruwa ne da ƙyallaye a sama kamar matan unguwa sun yi shanya. Wata mace ce tsaye ta ɗora hula a kan sanda, ban taɓa gane dalilin da ya hana ta sawa a ka ba. Wata wani tsoho ne mai farin gashi a nannaɗe, ya murtuke fuska kamar an taka masa ƙafa a sahu. Uwarsu duka ita ce mai mikiya: ta buɗe fukafukai, ta kama wani ƙyalle da baki, taurari sun zagaye ta.

Kulu dillaliya ce, wannan kun sani. Gida gida take shiga, ta karɓi kwalla da tasa da zannuwan da mata suka gaji da su ta kai inda ake so. A gidan wata tsohuwa ta fara ganin mai mikiyar, matar wani kuku da ya yi wa Turawa girki tun zamanin da. Daddawa tsohuwar take ajiyewa a ciki. An ba Kulu ta sayar, sai ta sayar wa kanta, ta kawo gida ta yi ta wanki da ruwan ɗumi da tsumma har warin ya fita. Na ce ta sa toka ta dirje mana, ta dube ni kamar na ce ta dirje jariri. Ita ta gano da kanta cewa zanen a saman ƙyallin yake zaune, in an dirje zai tafi. Ita ta kuma gano ba hannu ya zana ba, buga shi aka yi kamar atamfa, ranar da ta samo ta biyu a hannun wata Banufiya ta ga jirgin wannan da na waccan ko igiya ɗaya ba su bambanta ba. Matar da ba ta san bihim ba a boko, amma ta ɗaga tangaran ta ɗan ƙwanƙwasa da farce ta kai kunne, ta gaya maka ko ya girmi kakarka.

A lokacin ina jan motar siminti daga Kalambaina zuwa ƙasashen kudu, sai ta mai da ni ɗan aike. Duk garin da ke bakin kogi, in na sauke kaya, sai in shiga wurin masu tsofaffin kaya in yi ta leƙe. Wata tafiya na samo wata ƙatuwa mai furanni ja, na naɗe ta a takardar buhun siminti, na shigo gida ina taƙama.

"Malam, mi kas sawo?"

"Tsohuwa ce, Kulu. Mai ita ya rantse ta ga zuwan jirgin ƙasa."

"Ɗaga ka jiya. Nauyi awa turmi. Wagga ko ɗanka na goye ya girme ta. Kai ta bayan gida, can ta dace."

Can ta ƙare kuwa. Amma sau biyu na dace a tafiye-tafiyena, kuma ina so a rubuta wannan a tarihi, don ita ba ta taɓa yarda ta faɗa a gaban mutane ba.

Wadda ta karanta mana rubutun jikinsu ita ce maƙwabciyarmu a unguwar Minanata, Malama Rifkatu, 'yar ƙasar Filato, mai koyarwa a firamare, aminiyar Kulu tun suna amare. Ta sa tabarau ta jujjuya, ta ce a Ingila aka yi su, amma don mutanen Amurka, suna murnar sun kori Ingila daga ƙasarsu. Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Wato an kore ka daga gida, sai ka koma ka gina buta mai kirarin wanda ya kore ka, ka ɗauko ka kawo masa talla. Tun daga ranar na daina mamakin yadda aka yi mutanen nan suka ci Sakkwato. Kulu kuwa ba wannan ya dame ta ba. Cewa take abin da ya ƙetare teku, ya ɓace hanya, ya hauro kogi, ya bi hannun mata iri-iri har ya iso Minanata bai fashe ba, ai ya cancanci a tashi a ba shi wurin zama.

To ga inda Asma'u ta shigo. Ku 'yan yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari a titi kuna kiransu da suna har da ƙari. Kulu ba a haka ta tashi ba. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da: ba ta faɗin sunan Asma'u, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in za ta aike ta sai ta ce "ke waccan". Rifkatu kan tsaya a bakin katanga ta ƙwala "Maman Asma'u!" don tsokana, Kulu ta yi kamar da wata ake. Amma yarinyar nan tun tana rarrafe take zama gaban kabad tana kallon mikiya. Wata rana tana 'yar makaranta, Kulu na goge butocin, sai ta fuskanci bango, ba ta dubi kowa ba, ta ce:

"Waɗanga dut na wata yarinya na. Ranar da taz zama mutum, bisa jerenta za su hau."

Asma'u na bayanta tana ji. A iya sanina, wannan ce kaɗai maganar so da ta taɓa fita daga bakin uwar zuwa kunnen 'yar, ita ma sai da ta bi ta bango. Yarinya ta riƙe ta. Ta gaya wa ƙawayenta, ƙawaye suka gaya wa iyayensu, har unguwa ta san cewa ranar auren Asma'u za a ga jeren da ba a taɓa gani ba.

Allah ya kawo miji, Bashiru, wanda yanzu kuke ce wa Malam kuna durƙusawa, a lokacin siririn saurayi ne mai keke. Gidansu gidan malamai ne a Ƙofar Taramniya, irin gidan da ko akuyarsu ta san lokacin salla. Uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, ƙanwar ubansa ce ta raine shi, Gwaggo Hajo, ita ce kuma ke riƙe da cikin gida, tana karantar da matan aure a tsakar gida da hantsi. Ranar jere na aro a-kori-kura na loda gado da kabad da kwalla da samira, butocin kuwa a cinyar Kulu da ta Rifkatu suka yi tafiyar, kowace a naɗe cikin zani. Sammako muka yi, don Kulu na so ta jera su da hannunta kafin sauran mata su iso. Amarya tana gida a lulluɓe, sai dare za a kai ta. Ni namiji, iyakata zaure. Abin da ya faru a ciki daga bakin su biyun na ji shi, kuma bai saɓa ba.

Sun gama ɗora su a saman kabad ke nan, mai mikiya a tsakiya, sai Gwaggo Hajo ta shigo sa albarka. Ta tsaya ta duba, ta matsa kusa ta ƙara dubawa. Sannan ta saki labule don kada wani ya ji.

"Kulu, kayanki sun yi kyau, Allah shi sa albarka. Amma gidanga tun kakanninmu ba a aje hoton abu mai rai cikin ɗaki. Ga tsuntsu, ga mace, ga wanga tsoho."

"Gwaggo, in juya su ga bango?"

"Ɗiyata, mala'ika ba shi buƙatar zagayawa."

"Mai jirgin fa?"

Gwaggo ta nuna ƙarƙashin bakin butar da yatsa. Akwai 'yar mikiya a wurin, ƙarama kamar ƙuda. Duk suna da ita. Sai Gwaggo ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙusa. Ba da mugunta ba, ku fahimce ni; haka suke yi wa faranti da tire in amarya ta zo da mai hoto, a kankare kan, sauran ya zauna. A wurinta sauƙi ta kawo.

"A goge kawunan, shi ke nan, su zauna abinsu. Ko ke ki yi, ko ni in yi miki."

Rifkatu ta ba ni labari cewa sai Kulu ta karɓi ƙusar ta riƙe, ta daɗe tana kallon mikiya, har ita Rifkatun ta juya baya don ba za ta iya gani ba. Can sai ta ji Kulu ta ce:

"Gwaggo, ga ƙusarki. Gidanku na, dokarku ta, ba ni ja. Amma abinga ya biyo hannun mata da yawa babu wadda taj ji mai ciwo, ba daga kaina za a fara ba. Kuma ba ni ba ɗiya abu mai rauni in ce mata kyauta ta. Gida za su koma."

"To madalla. In yarinya ta tambaya, ni ka hwaɗa mata ni na hana. Ba ni jin kunyar wanga."

"A'a Gwaggo, don Allah kar ki hwaɗi. Da ke za ta kwana, da ke za ta tashi. In ta shigo gidanga da haushinki tun daren farko, zaman ya lalace. Ni in ta ji haushina, ni na haife ta, ba ya kashe ni."

Rifkatu ta ce, "Haba Kulu, za ta ce kin yi mata rowa fa."

"Ta ce."

Ina zaure ina shan furar da aka kawo mini, sai ga su sun fito da ƙunshin zannuwa kamar yadda suka shiga. Kulu ta ce in ja mota kasuwa. Muka sayo fulas-fulas masu ruwan zinari irin na kowace amarya, aka cike gurbin. A hanya ta sa ni da Rifkatu muka yi alkawari ba za mu faɗa wa kowa dalilin ba. Na ce mata ni fa bakina ba ya riƙe ruwa, kowa ya sani. Ta ce to yau zai koya.

Mata suka zo kallon ɗaki, ido ya tafi saman kabad, ya tarar da fulas. Kafin la'asar magana ta riga mu isa Minanata. Da aka kai amarya ta ɗaga mayafi ta duba, ƙawayenta sun ce kukan da ta yi ya wuce na al'ada. Bayan biki ta aiko ƙanwarta Hadiza ta tambaya ko mantawa aka yi. Kulu na tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ki ce mata na sake shawara."

Abin da wannan kalma ta ci mata, ni na gani. Mata suka sa mata Kulu mai butoci. Wasu gidajen suka daina ba ta kaya, wai dillaliyar da ta hana 'yarta ai mai kyau ba zai wuce hannunta ba. Wannan duk ta shanye. Wanda ya shige ta shi ne na haihuwar fari. Kun san al'ada, 'ya takan dawo gaban uwarta ta haihu ta yi wankan jego. Tun cikin yana ƙarami Kulu ta fara tara itace a bayan ɗaki, duk tafiyar da na yi sai na sauke mata wani, har tulin ya kai kan katanga. Ta sayi sabuwar tukunyar wanka, ta tanadi kanwa da yaji. Sai saƙo ya zo cewa Asma'u ta ce ba sai ta zo ba, Gwaggo za ta yi mata komai. Kulu ta saurara har ɗan saƙon ya gama. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, ka samo mota ka kai musu itacen. Busasshe na, ya hi wanda za su saya."

Na loda, na kai Ƙofar Taramniya, na sauke. A ranar dai na kusa karya alkawari, don Gwaggo Hajo da kanta ta fito zaure ta tsaya bayan ƙofa ta ce, "Umaru, ka ce wa Kulu ta sake ni in yi magana." Na kawo saƙo. Kulu ta ce a gaya wa Gwaggo ta tabbata ruwan wankan ya yi zafi sosai, yarinyar ba ta son mai ɗumi-ɗumi.

Kuma abin da ta saya da sunanta ta same shi, wannan ne ya sa nake cire mata hula har yau. Asma'u ta zauna a gidan nan kamar a can aka haife ta. Gwaggo ta karantar da ita har ta sauke, ta riƙe mata 'ya'ya, ta tsaya mata duk lokacin da Bashiru ya so ya yi malanta a inda ba a yi. Asma'u na ce mata Inna a gaban Kulu. Kulu ta ji, ta ce Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, kuma har cikinta take nufi. Butoci kuwa ba ta ƙara sayen ko ɗaya ba. Na taɓa ganin wata mai kyau a wani gari na zo ina ba ta labari, ta ce in bar wa mai rabo. Amma duk Juma'a sai ta sauke su ta goge ta mayar.

Gwaggo Hajo ta riga Kulu tafiya da 'yan watanni. Lokacin Kulu na kwance, Asma'u ta zo jinya, ta yi kuwa da hannu bibbiyu, ba ta rage komai ba. Wata safiya tana share falo, ta tsaya gaban kabad ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki, da dariya-dariya:

"Inna, in goge miki 'ya'yanki na gaske, ko kar in taɓa?"

Kulu ta yi dariya har da tari, ta ce a goge da tsumma mai laushi. Da Asma'u ta fita ɗebo ruwa na zauna a bakin gado.

"Kulu, Gwaggo ta tahi. Ki bar ni in hwaɗa mata."

"Ba ka ga har yau yarinyar kukan Gwaggo takai ba? Kar ka ɓata mata matacciya."

"Ke fa?"

"Ni ina nan, tana ganina."

Ba ta daɗe a nan ɗin ba.

Na riƙe bakina bayan rasuwarta ma, har Rifkatu ta yi ritaya ta koma garinsu, tana kirana a waya tana ce mini matsoraci. Sai bana, da aka sa ranar Hauwa'u, 'yar Asma'u, mai sunan Kulu, na ji ana raha a tsakar gida ana cewa Allah ya sa uwar amarya kar ta yi halin kakar amarya. Aka kwashe da dariya. Na ce to, ni dai alkawarina da mai rai na yi, kuma ba zan bari a kai wannan magana gidan wani ba. Na kira Asma'u falo, na rufe ƙofa, na ba ta labari kamar yadda na ba ku, sai dai ban sa wasa ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce:

"Baba, shekara da shekaru kuna kallo ina yi wa uwata gori?"

"Ita ta hana."

"Gwaggo ma ta sani?"

"Ta nemi ta hwaɗi, ba sau ɗaya ba."

"To yanzu wa zan ba haƙuri?"

Na ce ta yi musu addu'a su biyun, don ban ga wadda ta cuce ta a cikinsu ba. Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska da bakin mayafi, ta tashi ta buɗe kabad. Ban taɓa ganin ta buɗe shi ba tare da an sa ta ba. Ta ɗauko mai mikiya ta riƙe a ƙirji.

"Wagga za ta hau jeren Hauwa'u. Amma gobe zan tahi gidan mijin in tambaye su, da bakina, kuma yarinyar na zaune tana ji. In sun ce a'a, ta san wa yac ce."

Na ce uwarki dai ba haka ta yi ba.

Ta ce, "Na sani, Baba. Ni ba ni iya abin da ta yi."